Hoton Ɗan Fari

A rumfata ta bakin tasha a Konni matar ta same ni, ranar kasuwa, da hantsi. A rumfar nake ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, in babu aikin jarida, don aikin jarida a wajenmu ba kullum ba ne. Wata jarida ce ta Yamai nake aika wa hotuna daga Konni da Malbaza da Illela: ƙwallon ƙafa, kokawa, taron siyasa, buɗe sabuwar rijiya, rabon iri, duk abin da ya tara jama'a har wani ya sa babbar riga. Sunana ba ya fitowa a ƙarƙashin hoton sai an tuna da ni, amma a garinmu kowa ya san ni da jaka a kafaɗa. Ƴan kabu-kabu har tsiya suke yi mini, wai na fi jandarma yawo.

Ina da girman kai a kan aikin nan, ba zan ɓoye ba. Kuma ba da kyamara nake taƙama ba, don tawa ta tsufa, da roba nake ɗaure murfin batir ɗinta. Da karatun ido nake taƙama. A filin ƙwallo ba na bin ƙwallo, idon mai tsaron gida nake bi, shi ke gaya mini inda za a ci. A taron siyasa nakan san wanda zai bar jam'iyya tun bai bari ba, daga inda yake kai dubansa in shugabansa na magana. Labarin zuciya a tambayi fuska, haka nake faɗa wa duk wanda ya zauna a bencina, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Matar ta kai shekara hamsin, da shuɗin zane da ya koɗe, da ƙwaryar busasshiyar kuɓewa a kai. Ta daɗe tsaye a gefen rumfa sai da bencin ya zama babu kowa, sannan ta sauke ƙwaryar ta durƙusa. Muka gaisa gaisuwar ƙauye, wadda ba ta barin kowa a gida sai an tambaye shi. Ta ce daga wani ƙauye take na ƙasar Tajaye.

"Kai na mai hoton da yaz zo kokawa Illela, kakar bara waccan?"

"Ni na, Inna."

"Akwai wani yaro na gidanmu da ya shiga hili ran nan. An ce ka ɗauke shi."

Na ce mai yiwuwa ne, na ɗauki mutane da yawa. Sai ta ba ni labarin, idonta na kan kuɓewarta. Bayan kokawar nan yaron ya tafi cin rani can arewa wajen haƙar zinariya. Rami ya rufta da shi, abokan tafiyarsa suka binne shi a can, labari kawai ya dawo gida. Wayarsa da katinsa na ɗan ƙasa duk suna jikinsa. A gidan kaf babu hotonsa ko ɗaya.

Har ta gama ba ta kira sunansa ba, kuma ba ta ce ɗanta ba ne. Wani yaro na gidanmu, yaron nan, shi ke nan. Nan take na gane uwarsa ce, kuma ɗan fari ne. Irin iyayenmu mata ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane, ko ya mutu kukansa a ɓoye suke yi. Zuwan nan ma da ta yi, da sunan sayar da kuɓewa ta fito. Na tausaya mata ƙwarai. Amma gaskiya, bayan tausayin na ji daɗin kaina da na gane ba tare da an faɗa mini ba, na kuma ƙudurta ba zan sa ta faɗi abin da bakinta ke nauyin faɗa ba.

To ni ba ni da kwamfuta tawa. Katin ajiyar hoto uku gare ni, ƴan mitsi-mitsi kamar farce. In na yi aiki sai in je shagon da ake wanke hoto, in zaɓi na aikawa in aika Yamai, in goge katin don aikin gobe. A kokawa kuwa tun a fili nake rage kaya. Wanda aka kayar ba ya shiga jarida, don haka hotonsa ba ya kwana a wajena sai in yana manne da wanda ya kayar da shi. Haka na koyi aikin, kuma ban taɓa ganin aibinsa ba. Sa'ar da matar ta ci ita ce ɗaya daga cikin katunan ƙarami ne, ba na taɓa shi sai sauran sun cika. Na lalubo shi a aljihun jaka, na sa a kyamara, sai ga kokawar Illela, abin da ya rage daga cikinta.

Ta matso ta sunkuya a kan ɗan gilashin kyamara, ta ja mayafinta ta yi mana inuwa. Na shiga wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ga makaɗa, ga manyan baƙi a kujeru, ga wani ƙato ana ɗaura masa kambu a damtse. Muna isa wani hoto sai na ji ta dafa bencin da ƙarfi har ya motsa.

Samari biyu ne a sarƙe da juna, ƙasa na tashi a ƙafafunsu. Na dama dogo ne, baƙi, ya fuskanci kyamara ya cije baki. Na hagu bai kai shi tsawo ba, ya kwantar da kunci a kafaɗar dogon, fuskarsa ta juyo rabi kamar mai shirin dariya. Duka biyun ana ganinsu sarai. Ni kuwa na yi abin da na saba, na bar hoton na kalli idonta. Idonta na kan na dama, ya zauna a kansa bai ko gusa ba. Na tuna shi ne ya yi kaye a karawar, don shi ma na ajiye hoton. Na ce a raina, Allah sarki, ashe gwani ne.

"Na gane shi, Inna," na ce mata. "Kak ki ce komi. Ni za ni kawo miki har gida."

Ta ɗago ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta ce, "To." Ta kwance bakin zane za ta ba ni wani abu, na rantse ba zan karɓa ba. Ta kwatanta mini ƙauyen da gidan, ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga kasuwa.

Washegari na je shagon wanke hoto. Na ce wa mai shagon babba nake so, dogon ya cika takarda. Ya buɗe hoton a kwamfuta ya ce, "A bar ɗayan?" Na ce me uwa za ta yi da ɗan wasu a ɗakinta, yanke shi. Ya ja layi ya yanke. Hoton ya fito da kyau, har gumin goshi ana gani. Na sa aka saka shi a gilashi da katako, na naɗe shi a tsohuwar jarida.

Da bazara ne, zafi kamar ya tsaga kai. Na hau babur zuwa Illela, daga nan na bi turbar amalanke har ƙauyen, hoton a ɗaure a bayana. Da na yi sallama na ce saƙo na kawo wa matar gidan, ban ce na mene ne ba, don kada in tona mata asiri. Ta shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakinta, ta karɓi ƙunshin ta shiga ciki ta kwance ita kaɗai. Daga inda nake ina hango ta. Ta daɗe tana duba hoton. Can na ga ta kai yatsa ƙasa wajen kusurwa tana shafawa, na ɗauka ƙasa ce ta shiga tana sharewa. Da ta fito ta ce, "Allah shi saka da alheri. Ka sha hanya, ga rana." Ta dama mini fura, ta sa aka kamo zabuwa aka ɗaure mini a babur. Wannan karon na karɓa.

Na dawo Konni ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci. Labarin nan na ba da shi a teburin mai shayi ya fi sau biyar, yadda matar ba ta furta komai ba amma na karanta idonta. Abin da ya fi ba ni kunya yau ke nan, yadda na riƙa cin goro da baƙin cikinta.

Bayan ƴan watanni aka shiga kamfen zaɓe. Wanda bai yi aikin hoto lokacin kamfe ba bai san wahala ba. Safe kana Konni, azahar kana wani ƙauye, kowane ɗan takara na son a nuna jama'arsa ta fi ta abokin hamayya, ko da rabinsu da mota aka kwaso su. Rannan a Malbaza wani ɗan takarar majalisa ya shanya mutane a rana tun safe, bai iso ba sai bayan la'asar. Kafin ya iso na cika katuna biyu da makaɗa da mata masu zane mai fuskarsa. Jiniya na tashi na ciro ƙaramin katin, ina tsaye a bayan wata motar ɗaukar siminti. Kyamara ta tambaye ni ko in goge duk abin da ke ciki. Na tuna kokawar Illela, na ce ai wannan aiki ya ƙare, uwa ta samu ɗanta. Na danna. Na cika katin da mutumin yana ɗaga hannu ta saman mota. Jaridar ba ta buga ko ɗaya ba, shi ma bai ci zaɓen ba.

Ana cikin girbi wani dattijo mai malfa ya tsaya a rumfata. Ya ce shi ƙanen mijin matar nan ne ta ƙasar Tajaye. Na tashi da fara'a na ba shi benci, ina jiran godiya. Ya ƙi zama.

"Malam mai hoto, mi munka yi maka?"

Na ce lafiya, Baba?

Ya ce ta yi rashin lafiya da damina, ya shiga ɗakinta dubiya, a nan ya ga hoton. "Wanda ka kai mata ba namu na ba. Shi na yak kada namu ran nan. Ɗan ƙasar Alela na, shina nan da rainai, ko makon jiya na gan shi kasuwa shina saida awaki."

Maimakon in yi shiru sai na kama gardama. Na ce ba zai yiwu ba, da idona na ga inda take kallo, dogon take kallo, ba ta ko ƙifta ba. Dattijon ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Kai ɗan ina na? Ina ka taɓa ganin uwa ta tsura ma ɗan hwari ido gaban baƙo?"

Sai da na nemi wuri na zauna. Ni ɗan ƙasar nan ne, a cikin wannan al'ada aka haife ni. Yayana shi ne ɗan farin innarmu. In ya dawo daga tafiya ya durƙusa gaishe ta, jakarsa take kallo, ko bango, ko kajin tsakar gida, ta ce a ba baƙo ruwa. Tun ina yaro nake ganin haka. Na tuna da kunyar baki, na manta da kunyar ido, ni da nake cewa ido ne sana'ata. Matar ta ga ɗanta a hoton, ta dafa benci, ta kawar da kai zuwa ga wanda ba ruwanta da shi. Da yatsa kawai na sa na ce wannan ko wannan, da ta gyaɗa kai an gama. Matambayi ba ya ɓata, amma ni na fi ƙarfin tambaya.

Na ce to me ya hana ta faɗa mini ranar da na kai mata?

"Ta ce mi? Ka biyo rana tun daga Konni, ba ka amshi ko dala ba, ta ce maka ka yi kure? Kuma ta ce wane take nema?"

Na gaya masa gaskiya, cewa hoton asali yana da su biyu, ni na sa aka yanke nasu. Ya ce to a kawo wancan ɗin. Na ce zan nema, muryata ko ni ban yarda da ita ba.

Na nema. Mai shagon wanke hoto ya ce kwamfutar da muka yi aikin da ita ta lalace, an goge ta kaf kafin ta tashi, kuma ko da ba ta lalace ba yankakken ya ajiye. Na kira Yamai, suka duba, abin da na aika musu daga Illela hoton karawar ƙarshe ne kawai da na manyan baƙi. Na bi samarin ƙauyen da suka je kallo, wasu sun sayar da wayoyinsu, wasu suna cin rani, wanda na samu kuma daga nesa ya ɗauka, mutane kamar tururuwa. Aka kwatanta mini wani mai gyaran waya a tsallaken iyaka, wai yana dawo da abin da aka goge. Na kai masa katin, ya yi yini guda a kai. Abin da ya dawo da shi fuskar ɗan takarar nan ce, sau ba adadi, yana murmushi yana ɗaga hannu. Saura kaɗan in jefa katin a kwata.

Har Alela na je wajen dogon, ko wani nasa ya ɗauki karawar. Na same shi yana ba awaki harawa. Mutumin kirki ne. Ya tuna karawar sarai, ya ce yaron da ya faɗi dariya ya yi, ya tashi ya karkaɗe jiki ya ɗaga masa hannu da kansa. Bai san ya rasu ba, da na faɗa masa ya yi salati. Hoto kam ba shi da shi. Da zan tafi ya ce in akwai nasa yana so, bai taɓa ganin kansa a fili ba. Ban iya gaya masa inda nasa yake rataye ba.

Da na tabbata babu, na yi kusan wata ina ɗaga tafiyar. Daga baya na ga aika saƙo rashin mutunci ne, na hau babur na koma ƙauyen. Na same ta a inuwar ɗaki tana ɓarar wake, ta rame. Ta yi mini maraba kamar ba abin da ya faru, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa na ce, "Inna, na yi miki laihi babba. Ki gahwarta mini."

"Wane laihi? Alheri ka yi niyya."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da hoton. Ta lulluɓe gilashin da wani tsohon kallabi, ta ɗaure shi ta baya, kusurwar ƙasa ta hagu kawai ta bari a buɗe. Ta ga ina kallon kallabin ta ce, "Ɗan mutane na, ba shi da laihi. Amma ban iya kwana shina kallona."

Ta miƙo mini kusurwar. Ni da na sa aka wanke hoton ban taɓa lura da wurin ba. Hannu ne, daga wuyan hannu zuwa yatsu, ya damƙi ɗamarar dogon ta gefe. Layin da mai shago ya ja bai kai kansa ba. Ƙaramin yatsan a karkace yake.

"Igiyar guga ta karya shi, shina ɗan shekara bakwai," ta ce. "Ni na ɗaure mai da kara, bai miƙe ba."

Ta mayar da hoton cinyarta, ta gyara kallabin, sannan ta yi ƙasa da murya kamar mai roƙon abin da ya fi ƙarfinta.

"An ce mini yanke shi ka yi. To ai ko tela in ya yanka yadi shina maido ma mai kaya ƙyallen da ya rage. Wanda ka yanke ɗin, in shina nan cikin shagonka, ko ya yi datti, ko ya yage, ka ba ni hakanan. Ba sai ka sa mai gilashi ba."

Da ƙarya na da amfani a wurin da na yi ta. Na yi mata bayani iya yadda zan iya, cewa ba da almakashi ake yankan ba, babu guntun da ke faɗuwa ƙasa. Na ce hoton da ta gani a rumfata shi kaɗai ne, yana cikin ɗan katin nan, kuma ni da hannuna na goge shi a Malbaza. Na ce na nema ko'ina ban samu ba, kuma ba za a samu ba. Ina magana hawaye na zubo mini, ni da na zo ba da haƙuri.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki kwanson wake ɗaya ta riƙe, ba ta ɓare ba.

"Wato ran nan cikin rumhwarka, shi ke nan ganin da ya rage mini?"

"Shi ke nan, Inna."

Ta jinjina kai a hankali.

"Ashe da na duba da kyau," ta ce.